Wane Jirgi Ne Ya Kashe Walid

Ishaku mai zanen alluna ne a Garwa. Idan ka bi ta unguwar Yelwa ka ga tsohon allon aski mai kawunan samari, kowane da irin askinsa, ko allon mai tsire da farin bijimi yana kallon titi, to mai yiwuwa hannunsa ne. Rumfarsa tana bayan babbar kasuwa, tsakanin masu walda da mai facin taya. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Gidansu gidan mahauta ne. Mahaifinsu, Malam Babagana, daga Kusiri ya sauko yana saurayi, ya yi rayuwarsa a mayanka har ya rasu. Ishaku bai iya ganin jini ba tun yana ƙarami, aka yi faɗan, aka gaji, aka bar shi da fentinsa. Ƙanensa Walid ne ya gaji sana'ar, ya ma wuce ta, don shi bai tsaya jiran a kawo shanu ba, arewa yake zuwa ya sayo su. Mutum ne mai surutu da dariya, ba ya shiga gida hannu wofi. Yana da mata, Karimatu, da 'ya guda.

A shekarun da yaƙin bakin iyaka ya yi tsanani, kasuwannin shanu da yawa suka mutu a can arewa, nama ya yi wuya a Garwa. Walid ya ce zai je sau ɗaya kawai. Mahaifiyarsu, Hajje Halime, ta ce masa ya bari sai ƙasa ta lafa.

Ya ce, "Dada, in kowa ya jira, ciyawa za mu riƙa yanka wa mutane?"

Su biyar suka tafi. Mutum ɗaya ya dawo, Adum, wani ɗan Kusiri da ke kora masa shanu. Ya iso da kunnen hagu a toshe, idan ana yi masa magana sai ya juyo da na dama. A zauren gidan ya zauna ya ba da labari, mata suna saurare daga bayan labule. Ya ce sun haɗa shanun, suna kan hanyar komowa, suka tsaya da rana tsaka a wata fadama ta gefen tafkin Cadi don dabbobi su sha. Shi ya zaga bayan ciyawa. Yana can ya ji ƙara sama-sama kamar injin niƙa a wata unguwa mai nisa. Ya ɗaga kai ya ga abu. Daga nan ƙasa ta ɗaga shi ta yar. Wasu masunta ne suka taimaka masa aka haɗa abin da ya rage na mutum huɗu a rami ɗaya. Da aka tambaye shi a wace ƙasa ce, ya ce bai sani ba, inda ruwan ya janye babu alamar iyaka.

Hajje Halime ba ta yi kururuwa ba. Daga bayan labule ta ce, "Adum, jirgin na waye?"

Ya ce, "Hajje, ban sani ba."

Bayan sadakar bakwai Ishaku ya shiga ofisoshi yana wannan tambayar. Wasu suka yi masa ta'aziyya, wasu suka ce ya kawo takardar mutuwa, alhali babu gawa babu likita. Wani ya ja shi gefe ya ce ƙasashe huɗu ne ke kewaye da tafkin nan, kowace da jiragenta, ga kuma na baƙi, ya je ya yi wa ɗan'uwansa addu'a.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya zaunar da Adum a rumfa, ya ɗauko guntun katako da gawayi, ya ce ya faɗa masa abin da ya gani. Adum ya ce fukafukan dogaye ne sirara, miƙe sak. Kai a kumbure, babu taga. Jela ta rabu biyu kamar yatsu. Ishaku yana zanawa yana gogewa har Adum ya kawar da kai ya ce haka yake.

Katakon yana jingine a rumfa lokacin da Madam Edwige ta zo karɓar allonta. Ita ce mai shagon intanet da buga takardu kusa da makarantar sakandare ta lise, mace mai fara'a, tana haɗa Fulatanci da Faransanci da ɗan guntun Hausa. Ta tambayi abin da ya zana, ya gaya mata. Sai ta ce, "Mesiye Ishaku, ka zo shagona gobe. Akwai abin da zan nuna maka, ban sani ba ko zai yi amfani."

Abin da ta nuna masa hoton duniya ne daga tauraron ɗan'adam, wanda kowa ke iya buɗewa. Ta fara da Garwa. Ga kogin Binuwai ya lanƙwasa, ga gada, ga rufin kasuwa, har ya gane bishiyar darbejiyar ƙofar gidansu. Ta ja hoton zuwa filin jirgi, ta matsa gefen da sojojin sama suke. A kan kwalta akwai wasu fararen abubuwa a jere, kowane kamar an gitta tsinke biyu.

Ya ce, "Waɗannan jirage ne?"

Ta ce, "Jirage ne. Na sauran ƙasashen ma ana gani."

Tun daga ranar, kullum bayan azahar yana shagon. Ya bi sansanonin da ke kewaye da tafkin ɗaya bayan ɗaya, na nan gida da na ƙetare. Da farko duk iri ɗaya yake ganinsu. A hankali idonsa na mai zane ya fara rarrabewa. Manyan na ɗaukar kaya masu inji huɗu ba su da wuya. Masu saukar ungulu kamar mazari suke. Na yaƙi masu gudu fukafukansu a karkace suke zuwa baya. Ya lura cewa inuwa ta fi jirgin faɗin gaskiya, don daga sama jela layi ce kawai, amma inuwarta a ƙasa tana nuna ko ɗaya ce ko biyu, ko sama ta kalla ko ƙasa. Edwige ta koya masa jan ma'auni daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin, ta kuma nuna masa inda ake rubuta watan da aka ɗauki hoton. Duk wanda ya gani sai ya zana shi a takarda ya kai gida.

Masu siraran fukafukan ne suka hana shi sakat. Ya same su a wuri fiye da ɗaya, wani rabin jikinsa a cikin rumfa, wani a fili, kuma babu wanda ya san sunansu a cikin mutanen da ya sani. Edwige ta nemo masa wani zaure a intanet inda masu sha'awar jirage ke taruwa, suna aiko hotuna suna gardama a kan wane iri ne. Ta rubuta masa tambayar da Faransanci. Mutum ɗaya ya kula su, wani mai kiran kansa Guy, wanda ba su taɓa sanin garinsu ba.

Guy ya yi haƙuri da su ƙwarai. Ya ce waɗannan marasa matuƙi ne, kuma aƙalla kamfanoni uku a ƙasashe daban-daban suna ƙera masu wannan siffa. Daga sama bambancinsu bai wuce 'yan mitoci a tsawon fiffike ba, hoton kuma ya yi dishi-dishi da yawa. Wasu kallo kawai suke yi, wasu suna ɗauke da makami, ba kuma a ganin abin da ke ƙarƙashin fiffike daga sama. Ya ƙara da abin da ya fi yi wa Ishaku ciwo: hoton yana nuna inda jirgi ya kwana a safiyar da tauraron ya wuce ne kawai, ba ya nuna inda ya je. Ya ce irin waɗannan sukan yi nisa a sama sosai, da wuya mutum a ƙasa ya ga ko suna da taga.

Ishaku ya ce a gaya masa Adum ya gani da idonsa.

Ya kawo Adum shagon. Edwige ta buɗe hoton jirgi na farko da Guy ya turo, wanda aka ɗauka daga gefe. Adum ya matso ya ce, "Shi ne." Ishaku ya miƙe tsaye. Edwige ta ce su bari ta nuna sauran. Ta buɗe na biyu. Adum ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ma shi ne." Da ta buɗe na uku, wani mai matuƙi da farfela a hanci, wanda bai yi kama da zanen ba ko kaɗan, sai Adum ya rufe fuska da hannu biyu ya ce, "Yaya Ishaku, wallahi duk wanda na kalla sai in ga shi ne." Ya fita bai tsaya ɗaukar hularsa ba.

Na ɗauka a nan Ishaku zai haƙura. Bai haƙura ba. Alluna suka taru a rumfa ba a gama ba, masu su suka kwashe suka kai wa wani. Matarsa Hamida ta yi magana har ta gaji. Na ji ta wata rana ta katanga tana cewa, "Malam, ko ka gano, wa za ka kai ƙara?" Ya ce shi ba ƙara yake nema ba, Dada ce ta yi tambaya, kuma kullum ya shiga gaishe ta sai ta dube shi.

Garin a lokacin cike yake da tsoro. Ana binciken jaka a ƙofar masallaci da kasuwa, kowa yana lura da kowa. Mutumin da ke zama kullum yana auna jiragen soja a kwamfuta ba zai ɓoyu ba. Wata safiya mutum uku cikin kayan gida suka zo rumfarsa da mota marar lamba. Suka wuce da shi gida, suka kwashe zanen jiragen duka, har da katakon farko. Suka je suka ɗauki Edwige da kwamfutocinta.

Ita an sake ta bayan 'yan kwanaki. Ba a mayar mata da kayanta ba, ta rufe shagon ta koma wurin 'yar'uwarta a Ngaundare. Shi kuwa damina ta same shi a tsare ta wuce, wata ta sake zagayowa. Bai cika ba da labarin wurin ba. Abin da ya gaya mini shi ne tambaya biyu suke maimaitawa, wa yake aika wa zanen, kuma wane ne Guy. Ya faɗa musu gaskiya, gaskiyar kuma ba ta yi kama da gaskiya ba: mai zanen allon aski, yana hira da wani da bai taɓa gani ba, a kan jiragen ƙasashe huɗu, saboda tsohuwa ta yi tambaya. An ɗaure hannuwansa ta baya na tsawon lokaci. Daga baya aka daina kiransa, kamar an manta da shi. Ranar da aka sallame shi babu shari'a babu takarda, aka ce ya tafi kada a sake ganinsa gaban kwamfuta.

Hajje Halime ta rasu yana ciki. An ɓoye mata kamun, aka ce ya samu aikin fenti a Yawunde. Hamida ce ta yi jinyarta. Ta gaya mini cewa ana gobe za ta cika, tsohuwar ta kama hannunta ta ce, "Ishaku ya gano?" Hamida ta ga halin da take ciki, ta ce, "Ya gano, Dada." Tsohuwar ta buɗe ido sosai ta ce, "To na waye?" Hamida ta rasa sunan da za ta kama. Ta ce ta tsaya tana gyara mata matashi har barci ya ɗauki tsohuwar.

Ishaku ya fito da yatsu biyu na hannun dama a sandare. Yana iya riƙe babban buroshi, amma siririn da ake fitar da ido da gashin baki ya fi ƙarfinsa. Rumfarsa wani mai gyaran waya ya shiga. Karimatu ta yi aure a Bibemi ta tafi da 'yar. Adum ya koma Kusiri, an ce yana tura ruwa a kura, ba ya son a yi masa zancen. Yanzu Ishaku fentin bango yake yi, yawanci a garin Pitowa, shagunan auduga da katangun makarantu. Hamida ta hana babbar waya shiga gidan, shi ma bai musa ba.

Bara, bayan sallar la'asar, muna zaune a ƙofar gida, ya sunkuyo ya ce in buɗe masa hoton nan a wayata, sau ɗaya. Na duba hagu da dama, na buɗe. An sabunta hoton. Gefen da ya fi yawan kallo a da babu komai sai kwalta da fararen layuka, ciyawa ta fara cin baki-baki. Ya karɓi wayar da hannun hagu, ya matso da hoton, ya ja shi gefe, ya dawo.

Ya ce, "Sun tafi da jirgin."

Na ce, "Kana ganin shi ne ya kashe Walid?"

Ya ce, "A ciki na yi ta lissafi, ba ni da wani aiki. Na rage su zuwa biyu. Wata rana kuma sai in ga duk biyun ba su ba ne." Ya miƙo mini wayar. "Goge, kada su same shi a wurinka."

Na goge a gabansa. Ya tambaye ni ko na san mai buƙatar fenti a cikin gari, don motar Pitowa tana wahalar da bayansa. Na ce zan tambaya. Aka kira shi daga cikin gida cewa ruwan wankansa ya huce, ya dafa katanga ya tashi.