Da Sauƙi

Har yau idan na ji an ce "da sauƙi" sai raina ya ɓaci, kuma taubashina ne ya ja mini.

Ɗan wan mahaifiyata ne, tare muka yi lakwal, makarantar boko, a Illela. Ni na zama malami a Konni, shi ya tafi ƙasar waje ya karanto ordinatar, wato kwamfuta. Da ya dawo, wani furoje, wato shirin taimako na gyaran rijiyoyi, ya ɗauke shi aiki, aka ba shi buro, ofishin kansa, da injin ordinatar da yake lulluɓewa da zane kamar amarya. Nakan shiga in tsokane shi in ce ina sadakin, shi kuma ya ce malamin alli ba zai gane ba.

Amma na gane sarai, don shi da kansa ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Injin yakan ɗauki babban aiki, wato gari ya samu ruwa, ya fasa shi reshe-reshe: yashe rijiya, ɗaure bakinta, zuba mata siminti. Kowanne ya sake fasa shi, har ya kai ga wace mota za ta ɗauko siminti daga Malbaza, wane magini zai bi ta. Hanyoyin jera waɗannan ayyuka sun fi gashin kai yawa, inji ba zai iya bin su duka ba. Don haka taubashina ya koya masa dabara: ya yi kirdado, ya bi reshen da matsalarsa ta fi tsanani, ya ajiye wanda aka ce da sauƙi. Na yaba masa a ranar, don dabarar ba ta da laifi.

A bazarar wannan shekarar rijiyar ƙauyenmu, can wajen Bazaga, ta rufta. Inna mahaifiyata da sauran mata suka koma ɗibar ruwa a wani tsohon tabki da shanu ke sha. Ma'aikatan furoje suka zo zagaye, suka tambayi mai gari yaya lamarin ruwa. Dattijo ya ce, "To, da sauƙi, mun gode Allah." Me kuma zai ce? A wurinmu mutum yana kan gargara ma haka ake faɗa. Wa zai buɗe baki gaban baƙi ya kai ƙarar Ubangiji?

Suka kawo amsar mai gari buro, taubashina ya zuba wa injinsa ita yadda take. Inji ya ajiye reshenmu, bai sake waiwayarsa ba. Motar siminti ta yi ta wucewa Tsarnawa da wasu garuruwan da masu garinsu suka iya kuka.

Na same shi a buro na ce, "Kai da anka haifa nan, ba ka san mi 'da sauƙi' ka nuhi ba?"

Ya ce, "Na sani mana. Amma in na taɓa ma garin gwaggota, cewa za a yi son kai na. Injin na ya yanke, ba ni ba."

Wallahi da jahilci ne da na yafe. Baturen da ke shugabancinsu bai ji Hausa ba, ba ruwana da shi. Inji kuwa abin da aka ba shi ya ci. Amma wannan ya sha furar Inna, ya san kalmar ciki da bai, ya zaɓi farin jininsa a buro, ya laɓe bayan ƙarfe. Na fito ban yi masa sallama ba.

Da wata damina ta kewayo, kurkunu ya fito wa Inna a idon sawu. Ana shuka tana kwance, ana nannaɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, gonarta ta zama ciyawa. Ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba.

Taubashina ya zo dubiya da motar furoje, da sukari da sabulu. Ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Sannu Gwaggo, ya jiki?"

Inna ta cije leɓe, zufa na zubo mata, ta ja zane ta rufe ƙafar don kada ya gani. Ta ce, "Da sauƙi, ɗana."

Na ce masa, "Ka ji ko? Tashi ka tai ka gaya ma injinka."