Arzikin da Muka Je Nema a Ƙarƙashin Ƙasa

Talata Mafara zuwa Dakko

Ana sallame Asuba muka bar Talata Mafara, ni da direbana Malam Sani, bayan mota cike da wayoyi da turakun ƙarfe da batir. Sana'ata auna ƙasa: in kafa turaku, in tura lantarki ciki, na'ura ta nuna mini inda ruwa yake kwance kafin a haƙa burtsatse. A shingen jami'an tsaro sai da aka sauke kayan kaf, ina ta bayani kamar mai laifi.

A Dakko rana ce kawai ta gasa mu. Ƙasa ta bushe ƙamas, sai mun zuba wa kowane turke ruwa kafin lantarki ya ratsa. Kafin La'asar na kafa alamar inda za a haƙa, muka sha fura, muka koma gida.

Ƙasar Maradun

Washegari muka nufi wani ƙauye gaba da Dosara. Rijiyarsu ta ƙafe, mata na shiga daji ɗibar ruwa, kuma ba duk wadda ta tafi ke dawowa lafiya ba.

Muka gaisa da Maigari, gaisuwa mai tsawo, har gajiya da iyali da dabbobi. Sannan ya dubi wayoyin.

"Mi kunka zo nema?"

Ni da son iya magana, sai na ce, "Ranka ya daɗe, arzikin da Allah ya ɓoye muku a ƙasa."

Sani ya taka mini ƙafa, ya raɗa mini, "Injiniya, a nan arzikin ƙasa zinari ne."

Maigari ya ce, "Masu irin wayoyin ga sun je garin ƙanena, sunka ga zinari. Masu bindiga sunka biyo baya. Yau ba kowa can sai kushewa. Ku naɗe kayanku."

Na rantse masa ruwa nake nufi, na sake rantsewa. Da ƙyar ya yarda, amma ya sa aka shimfiɗa masa buzu gefen na'urar. Nan ya wuni da carbi, muna jan waya cikin ƙaya. Bayan Azahar na'urar ta nuna ruwa ƙarƙashin dutse, cikin gari, dab da masallaci.

Bai yi murna ba tukuna. "Bayan ruwa, ba ta ga komi ba?"

"Dutse kawai."

"Alhamdulillahi!" Sai ga hawaye na bin gemunsa.

Komowa

Muka kamo hanya da sauran rana, don ba a bari Magariba ta riski mutum a can. Na gode wa Allah da ya kawo mu Mafara lafiya, na gode wa Malam Sani da ƙafarsa. Na daɗe ina wannan aiki ina roƙon in samu abin da na fita nema. Ran nan na fara yi wa Allah godiya a kan abin da ban samu ba.