"Da Sauƙi" Ta Kusa Cinye Mini Hannun Dama

A lokacin ina da injin casar masara, ina zagaya ƙauyukan Faskari da Sabuwa da shi duk kaka, kuma ni mutum ne da ba ya son a ga kasawarsa. Wata rana a Tafoki bel ɗin injin ya fizgi hannun rigata, ƙarfe ya yanke ni a damtsen dama. A babban asibiti likita ya ce jijiyar da ke ɗaga hannu ta tsinke. Ya ɗinke ta, ya ce tana tsirowa a hankali, in wata huɗu suka wuce ban ga motsi ba in gaya masa da wuri.

Saboda halin da hanyarmu ke ciki, ya ce zai riƙa bibiyata ta waya. Nan na tafka wautar. Duk sanda ya tambayi jiki sai in ce da sauƙi, alhamdu lillahi, yadda aka koya mana amsa gaisuwar mara lafiya. Alhali hannun na reto daga wuyansa kamar tsumma, ko yatsa ɗaya ba ya miƙewa. Na cusa shi a aljihu, na daina cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwana, in an miƙo mini hannu a masallaci sai in dafa ƙirji da hagu. Sama da shekara na yi a haka, ina jin kunya, ina kuma jin tsoro.

Asirina ya tonu ranar kasuwar Ƙanƙara. Na tsuguna kusa da babur ɗin yayana, bayan hannuna ya kwanta a kan bututun salansa mai zafi ban ji komai ba, sai da yayan nawa ya ji ƙauri. Ya yi mini faɗan da tun rasuwar mahaifinmu ba a yi mini irinsa ba, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, washegari ya sa ni gaba sai asibiti.

Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce ɗinkin bai kama ba, da na faɗi gaskiya da wuri da an sake gwadawa, amma yanzu naman ya riga ya shanye. Na ɗauka shi ke nan, sai ya ce da saura dabara. Ya karkato jijiyoyin naman da ke da rai ya ɗaura su ta bayan hannun, suka karɓi aikin ɗagawa. Na yi watanni ina zuwa gashin hannun a asibiti, wannan karon ban tsallake ko ɗaya ba. Bayan hannun har yau ko wuta ta taɓa shi ba ya ji, injin ma na bar wa wani, amma wallahi ranar da na sa hannun dama a kwanon gidanmu na yanko loma, sai da na yi hawaye.

Don Allah 'yan'uwa, tambayar likita ba gaisuwa ba ce. Ku ajiye wa maƙwabta "da sauƙi", shi ku gaya masa inda babu sauƙin.