Sannu da Aiki Ake Cewa

Shan inna ta kama mahaifina tun yana rarrafe, ta shanye masa ƙafar hagu. Ban taɓa jin ya kira kansa gurgu ba, kuma wanda ya kira shi haka bai sake ba. Dawa da auduga yake nomawa a ƙauyenmu na wajen Malumfashi. Ran shuka ni nake gaba da sungumi ina sara, shi yana biye yana zuba iri, ƙafar nan da yake ja ita ke binne ramin. Yakan ce Allah ya ba shi abin aikin da babu a kasuwa.

Sannu kawai ya tsana, irin wadda ake ja wa majinyaci, a karya wuya. In aka yi masa ita sai ya tambayi mutum ko wani ne ya rasu.

A farkon shekarun tamanin, ina aiki a injin gurzar auduga a Funtua, aka aiko mini Baba ba ya iya tashi daga sujada sai an kama shi. Na iske ƙanensa, baffana, ya kira wanzami a yi ƙaho. Ko tambaya wanzamin bai yi ba, ya jawo shanyayyiyar ƙafar ya fara shafa ruwa. Baba ya bar shi ya gama shiri tsaf, sannan ya gaya masa wannan ta yi barci tun kafin a haife shi, ɗayar ce ke ciwo.

A asibitin Malumfashi likita ya ce gwiwar dama ta cinye, shekara kusan sittin tana ɗaukar nauyin biyu, yanzu ƙashi ke gugar ƙashi. Kafaɗar da ke dogara sanda ita ma ta fara. Ya ce a huta.

Dangi suka kama wannan kalma kamar dama jiranta suke. Aka zauna a zaure aka yanke a ba baffa aron gonar. A wajenmu gonar da wani ya shuka damina uku, da wuya ta dawo hannun mai ita. Ina cikin waɗanda suka ce to, har yau ina jin kunyar hakan. Baba yana zaune a wurin, ba wanda ya tambaye shi.

Da ruwan shuka ya sauka na zo gida. Bayan asuba Baba ya ce in ɗaura wa jaki akumari. Na fara kawo masa zancen likita, ya ce likita bai ce ya mutu ba. Na ɗora shi, muka tafi.

A gona ya sa na shimfiɗa masa buhu. Ina sara, yana jan jiki a zaune, ya zuba iri, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu biyu ya danne ramin da diddigenta. Zufa na zuba masa, ina jin ƙarar gwiwar duk sa'ad da ya matsa. Mata masu wucewa suka tsaya suna cewa wane irin ɗa ne wannan marar tausayi. Su faɗa. Ko yau aka mayar da ni ranar, jakin zan sake ɗaurawa.

Hantsi ya yi, sai ga baffa da 'yan ƙwadago uku da irinsa a ƙwarya. Ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo. Kunya huɗu kacal muka shuka.

"Sannu, Yaya," in ji shi, murya a karye.

Baba bai ɗago ba. Ya danne wani ramin, ya ce, "Ƙarasa."

Baffa ya dubi 'yan ƙwadagonsa, ya dube ni. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Sannu da aiki."

"Yawwa," in ji Baba. "Ka matsa mini, kana tsaye a kan kunyata."