Ciyawar da na yaye da azahar

Ni dai gaggawa ce halina, ko shayi ba na bari ya huce. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ni ya miƙa wa goran irin albasarsa. Irin nan shi ke tara abinsa tun ban iya tafiya ba, kuma duk fadamar Danchadi babu mai irinsa. Na yayyafa shi kaf a fangali biyu, na rufe da ciyawa.

Baba ya ce, "In ya tsiro, ka riƙa rage ciyawar kaɗan-kaɗan, da marece. Kada ka nuna mishi rana gaba ɗaya."

Na ce to. A raina kuwa na ce, shuka da rana ai abincinta ce, wane irin lallashi kuma?

Kullum sai na tashi daga aikina a Bodinga, in hau babur, in je in ɗaga ciyawa in leƙa. Tsirran suka fito sirara, ɗorawa-ɗorawa. Na ƙagu. Wata Laraba da azahar na kwashe ciyawar duka, na tsaya ina jin daɗin kaina.

Kwana biyu, kawunansu suka yi fari fat. Na yi ta kwarara ruwa kamar mahaukaci, ina! Sai kwanciya suke.

Na kira ƙanwata da ta karanci aikin gona. Ta ce, "Yaya, ba ƙishi ba ne, haske ne ya yi musu yawa." Wai ganye na da wani sinadari, melatonin, mai aika saƙo cikin shuka ta kare wurin da take haɗa abinci in rana ta tsananta. Amma tsiron da ya saba da inuwa bai gama shiri ba, sai an ba shi lokaci. Na ce mata ta riƙe karatunta, magani nake tambaya. Ta ce babu. Na kashe wayar, haushi da kunya sun cika ni.

Da na gaya wa Baba, bai yi faɗa ba, wallahi da ma ya yi. Ya ce, "Miƙo min goran nan." Ya kife shi a tafin hannu, ya bubbuga gindinsa, ya sake bubbugawa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba.

Sai ya kira Inna ya ce, "Amshi wanga, ki sa gishiri ciki."

Har yau gishiri ake zubawa a goran.