Sallama Kafin Hawan Eriya

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Uzochukwu, haifaffen Unguwa Uku, ya kai takardar neman aikin injiniya wurare goma sha ɗaya ba a dace ba. Na sha biyun wani kamfani ne a Gyadi-Gyadi mai haɗa wa ofisoshi intanet. Mai shi, Manjo Balarabe, ya ajiye kaki amma tsawar tana nan.

Ko kallon takardun bai yi ba. Ya nuna dogon ƙarfen eriya a bayan ofis, mai matakala arba'in da biyu.

"Injiniyan takarda! Hau ka saita min ita. Minti goma na ba ka."

Uzo ya fita, ya yi sallama a gidaje uku na maƙwabta, a sanar da mata za a hau sama. Minti shida suka tafi.

"Tsoro ne ya kai ka yawon gaisuwa?"

"Ranka ya daɗe, daga can sama tsakar gidan mutane ake gani."

"Ni za ka koya wa Kano?"

Uzo ya hau, ya saita, ya sauko a minti na goma sha huɗu. Manjo ya ture masa takardunsa da bayan hannu.

"Ka makara. Fita."

Bayan wata biyu wani kamfani a Hotoro ya ɗauki Uzo aiki. Har Manjo ya rufe nasa kamfanin, ba ya amsa gaisuwar Uzo.