Ozell Tarpley, Mai Jigilar Kujerun Makaranta

Ozell Tarpley bai wuce aji huɗu ba, amma a duk gundumarmu babu wanda ya kai shi shiga makaranta. Ya shiga ta farare, ya shiga ta baƙaƙe, kullum ta ƙofar baya, kullum da kujera a kafaɗa.

A gonar audugar wani farar fata aka haife shi, nan Mississippi, can gefen kogi. Ya fara tsintar auduga tun bai iya ɗaure wandonsa ba. Da ya girma aka kai shi yaƙi, ya tuƙa motar sojoji, ya dawo ya tarar in ban da uwarsa ba wanda ya lura ya yi tafiya. Tuƙin ne dai ya samo masa aiki a hukumar makarantu. Aka ba shi a-kori-kura, da guduma, da gwangwanin ƙusa, da ɗan gidan katako a bayan ma'ajiyar hukuma, bisa sharaɗin cewa ranar da aiki ya ƙare, ranar gida ya ƙare.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Duk sa'ad da aka sayo wa makarantar farare sababbin kujeru, irin masu haɗe da teburin nan, Ozell ne zai kwashe tsofaffin ya kai tamu. Kafin ya kai, sai ya ɗaure musu ƙafa, ya kankare cingam, ya goge zagin da aka sassaƙa da wuƙa, wanda yawanci mu ne ake zagi. Hukuma tana kiran wannan tsari adalci: kowa da makarantarsa, amma kaya iri ɗaya. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Kujerar ɗaya ce, su dai suka riga mu zama.

Ya auri Vernell, mai wanki da guga a gidajen farare, mace mai baki kamar almakashi. 'Ya'yansu huɗu na farko duk a kan kujerun da ubansu ya ɗaure suka yi karatu, duk kuma sun dawo gida da tsini a cinya ko yagaggen wando. Auta ita ce Zelma. Tana jaririya babbar kotun ƙasa ta ce raba makarantu haramun ne. A shagon aski Ozell ya ji labarin a rediyo, ya taso da rabin kai ba a aske ba, ya zo ya tsaya a kan jaririyar.

"Ke kam a kan sabuwar kujera za ki yi karatu," in ji shi. "Wadda ba wanda ya taɓa ɗumama ta. Na yi miki alkawari."

Vernell ba ta ko ajiye dutsen guga ba. Ta ce, "Ka bari ta iya zama tukuna."

Zelma ta iya zama, ta iya tafiya, ta shiga makaranta, kujera ba ta zo ba. Kotu ta ce a yi abin da hanzari amma a tsanake, sai gundumarmu ta ɗauki tsanaken ta bar hanzarin. Farare suka yi taro, suka yi wa'azi, suka ƙona gicciye a ƙofar gidajen wasu baƙaƙe don tsoratarwa. Wanda duk ya gwada kai ɗansa makarantarsu, kafin mako ya zagayo ba shi da aiki, kantin gari ma ya daina ganinsa. Ozell bai taɓa zuwa taron neman haƙƙi a coci ba. Yakan ce yana da ciwon baya, kowa kuma ya san gidan katakon ne ke masa ciwo.

Vernell ce ta ba Zelma labarin alkawarin, don a yi dariya. Daga nan duk buɗe makaranta sai yarinyar ta tare shi a ƙofa: "Baba, ina sabuwar kujerata?" Tana ƙarama abin wasa ne. Da ta zama budurwa ta fara zuwa taron da shi ba ya zuwa, sai tambayar ta daina ba kowa dariya. Daga baya ma ta daina yi, wannan kuwa ya fi ci masa rai. Ya san 'yarsa na ƙaunarsa, amma ya san kallon matsoraci take yi masa.

A ƙarshen shekarar 1969 kotu ta gaji, ta ce bayan hutun Kirsimeti a haɗa, ba sauran zance. Za a rufe makarantarmu, kowa ya koma ginin farare. Nan take farare suka gano cewa ashe dama makarantar kuɗi suke so. Cikin 'yan kwanaki suka share wata tsohuwar ma'ajiyar auduga, suka kafa mata allo. Abin da ya rage musu wurin zama.

Wata ranar Asabar Mista Gaddis, mai kula da kayan hukuma, ya kira Ozell. Gaddis ya girme shi da shekara ɗaya tak, amma yaro yake ce masa.

"Yaro, kujerun babbar makaranta sun tsufa. Hukuma ta sayar wa sabuwar makaranta. Ka kwashe ka kai musu."

"Waɗanda aka kawo bara, yallaɓai?"

"Su. Sun tsufa."

"To yaran da za su zo ranar Litinin fa, yallaɓai?"

"Ba ga naku can a ginin da aka rufe ba? Ka kawo musu. Ai sun saba."

Ozell ya ce to. Shekaru da yawa yana kai kaya daga makarantar farare a arewacin gari zuwa tamu a kudu, yau ga shi yana dawo da su, har motar ma kamar ba ta gane hanya ba. Ya kwashe aji bayan aji. Na ƙarshe shi ne wanda aka ce na su Zelma ne. Da ya rage kujera ɗaya, sai ya tsaya. Sabuwa fil, fentinta na ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Ya san abin da ake kiran baƙar fata idan kayan farare suka ɓace a hannunsa, ya san ba gida kaɗai zai rasa ba. Duk da haka ya ɗauke ta ya kai can ƙarshen aji, kusurwar taga. Ya goge ta da hannun rigarsa, sannan ya jera tsofaffin a gabanta.

Da yamma Gaddis ya leƙo ta tagar motarsa. "Ka kwashe duka?"

"Duka, yallaɓai."

Ƙaryarsa ta farko ke nan ga farar fata, kuma ya yi mamakin yadda ta fito sumul.

Vernell kaɗai ya gaya wa. Ta dube shi sama da ƙasa. "Tsufa ya zo maka da hauka, Ozell? Duk lokacin da mutane ke shan duka ka zauna da ciwon baya, sai yanzu a kan katako za ka kwanar da mu a titi?" Sannan ta ƙara masa nama a kwano, abin da ba ta saba ba.

Ranar Litinin da safe abin da ya iya ce wa Zelma kawai shi ne, "In kin shiga aji, ki buɗe idonki."

Ya wuni yana zagaye makarantar da mota babu kaya a ciki. Akwai 'yan sanda a ƙofa, akwai wasu mata farare suna ihu a tsallaken titi, amma yaran farare da suka shiga ba su cika cokali ba, 'ya'yan waɗanda ba su da halin makarantar kuɗi. Duk motar da ta tsaya a bayansa sai ya waiga, ya ce Gaddis ne.

Wajen cin abincin yamma, wake da burodin masara, ya jira Zelma ta yi magana. Ta yi ta zuba: ɗakin karatu, famfon ruwan sanyi, malamar da ta kasa kallon kowa a ido. Kujera dai shiru. Ya kasa haƙuri.

"Ba ki ga komai a aji ba?"

"Kamar me, Baba?"

"Kujera. Sabuwa. Can baya, wajen taga."

"Au, waccan? Wani ɗan farare ne ya zauna a kai. Su duk baya suka gudu, wai kada su taɓa mu."

Cokali ya tsaya a hannunsa. "Ke fa?"

"Ni? Gaba mana, daidai hancin malama. Ni na fara shiga." Ta yi dariya. "Haba Baba, duk wannan jira da aka yi, me zan je yi a baya?"

Vernell ta sunkuyar da kai kan kwanonta. Ozell ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ba Gaddis ne ya ajiye kujerar a can ba, ba hukuma ba ce. Aji ne babu kowa, babu mai kallo, yana da zaɓin ko'ina, shi da hannunsa ya kai 'yarsa ƙarshen layi, don tunda yake bai taɓa tunanin wani wuri ba. Sai kuma wani alfahari ya taso masa.

Zelma ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, dariyar ta ɗauke. "Baba, kai ne ka ajiye ta?"

Ya gutsiri burodi, ya daɗe yana taunawa.

"Ta gaban da kika zauna," in ji shi, "tana rawa?"

"Tana rawa. Ƙafar hagu."

"Gobe da sassafe zan zo da guduma."